Ciwon Ɓarin Kai Ya Koma Zuwa Akai-Akai: Tambayoyinku da Amsoshinsu

Wasiƙu huɗu muka zaɓa a wannan fitowa, dukkansu a kan ciwon ɓarin kai, kuma mun sakaya sunayen waɗanda suka aiko su kamar yadda aka saba a wannan fili. Abin da ke cikin amsoshin bayani ne na gaba ɗaya, domin rubuta magani da ƙayyade yawansa aikin likitan da ya duba mutum ido da ido ne.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 34, kuma tun ina budurwa nake fama da ciwon ɓarin kai. A da sau ɗaya ko biyu yake zuwa mini a wata, in sha magani in kwanta ya wuce. Tun daga bara abin ya sauya, yanzu da wuya mako ya ƙare ban yi kwana uku ko huɗu da shi ba. Yana sarana a gefe guda, zuciyata tana tashi, ba na son haske ko hayaniya. Kusan kullum sai na sha maganin ciwon kai, wani lokaci ma tun kafin ya fara, don gudun kada ya kama ni a wurin aiki. An yi mini hoton ƙwaƙwalwa an ce babu komai. Me yake faruwa da ni? Daga wata ma'aikaciya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba ki lafiya. Sakamakon hoton da aka yi miki shi ne abin da ake sa ran gani ga mai ciwon ɓarin kai, saboda haka kada ki ɗauka cewa likitocin sun kasa gano wani abu da ya ɓoye. Wannan ciwo ba ƙari ba ne kuma ba rauni ba ne da na'ura za ta nuna. Matsala ce ta yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta suke aiki. Akwai wata babbar jijiya da ke ɗauko saƙon ji daga fuska da kuma fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, kuma idan ciwon ya tashi, rassan wannan jijiya suna sakin wasu sinadarai, mafi shahara a cikinsu shi ne wanda ake kira CGRP, waɗanda ke buɗe hanyoyin jini su kuma ƙara ƙarfin saƙon zafi. Kusan mutum ɗaya cikin bakwai a duniya yana da wannan lalura, mata sun ninka maza wajen sau uku, kuma tana bin jini, shi ya sa sau da yawa idan an bincika za a tarar uwa ko wata gwaggo ta yi fama da ita.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne lissafin kwanakin. Kwana uku zuwa huɗu a mako ya kama 12 zuwa 16 ko fiye a wata. A ƙa'idar da ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya ta fitar, wadda aka sabunta a 2018, idan mutum yana yin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata har tsawon sama da wata uku, kuma aƙalla kwana 8 daga ciki suna da siffar ciwon ɓarin kai, to ciwon ya tashi daga mai zuwa jefi-jefi ya koma mai ɗorewa. Ke kina bakin wannan iyaka, in ma ba ki riga kin tsallake ta ba, kuma a wannan mataki dabarar jiran ciwo ya zo a sha masa magani ta daina isa.

Ban da haka, ina zargin maganin da kike sha yana daga cikin abubuwan da ke rura wutar. Na san wannan magana tana da wuyar karɓa ga wanda maganin ne kaɗai yake ba shi damar fita aiki, amma abu ne tabbatacce a ilimin likitanci cewa yawan shan maganin kashe zafi yana haifar da nasa ciwon kan ga mai ciwon ɓarin kai. Ƙwaƙwalwa tana sabawa da maganin, da zarar ƙarfinsa ya fara sauka sai ciwon ya dawo, mutum ya sake sha, a haka har ya wayi gari ba ya iya bambance ciwonsa na asali da wanda maganin ya jawo. Iyakar da aka gindaya ita ce kwana 15 a wata ga magunguna irin su farasitamol da asfirin da ibufurofen, da kuma kwana 10 a wata ga dangin tiriftan (magungunan da aka yi musamman don ciwon ɓarin kai), da masu ɗauke da kodin ko tiramadol, da waɗanda aka haɗa sinadari biyu ko uku a ƙwaya ɗaya, musamman masu kafeyin. Ki lura cewa kwanaki ake ƙirgawa, ba yawan ƙwayoyi ba, don haka wadda ta sha ƙwaya ɗaya kullum ta fi shiga haɗarin nan a kan wadda ta sha cikakken adadin da ya dace a rana ɗaya ta huta sauran mako. Shan magani tun kafin ciwo ya zo, saboda fargaba, yana daga cikin hanyoyin da ke kaiwa ga wannan hali.

Mafita ita ce a dakatar da maganin da aka yawaita, kuma ba zan ɓoye miki ba, kwanakin farko suna da wahala. Ciwon yakan tsananta, tashin zuciya da rashin barci su biyo baya, yawanci na kwana biyu zuwa goma, kafin sauƙi ya fara bayyana. Saboda haka ki tsara abin tare da likitanki, ki zaɓi lokacin da aiki ya yi sauƙi ko kina hutu, ki kuma sanar da mutanen gida abin da za su gani. Farasitamol da ibufurofen da tiriftan ana iya barinsu lokaci guda, amma idan abin da kike sha yana da kodin ko tiramadol, a hankali ake rage shi ƙarƙashin kulawar likita. Da yawa daga cikin waɗanda suka jure wannan mataki sukan ga kwanakin ciwonsu sun ragu ƙwarai cikin wata biyu.

Sai kuma maganin riga-kafi, wanda a ganina tuntuni ya kamata a yi miki maganarsa. Galibi ana fara tunaninsa ne da zarar ciwon ya kai kwana huɗu a wata yana hana mutum harkokinsa. Magani ne da ake sha kowace rana, ko da ciwo ko babu, domin ya rage saurin tashin jijiyoyin. Yawancinsu don wasu cututtuka aka fara yin su, saboda haka kada ki yi mamaki idan kin karanta takardar da ke cikin kwalin kika ga an ambaci hawan jini ko farfaɗiya ko ciwon damuwa. Furofaranolol na hawan jini ne, kuma ba a ba mai asma. Amitiriftilin da dare ake shan sa domin yana sa barci, abin da ke zama alheri ga wadda barci ke yi wa wuya, ko da yake yana busar da baki kuma yana iya ƙara ƙiba. Tofiramet na farfaɗiya ne, yana iya sa jin tsira-tsira a yatsu da rage cin abinci, wasu kuma sukan ji kalma tana ɓace musu a tsakiyar magana, sannan yana da haɗari ga ɗan tayi. Ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa, kuma sai an yi wata biyu zuwa uku a kan adadin da ya dace kafin a ce ya yi aiki ko bai yi ba. Kuskuren da na fi gani shi ne a sha mako biyu a ce bai yi ba a watsar. Nasara a nan ita ce kwanakin ciwo su ragu da rabi, ba wai su ɓace gaba ɗaya ba, kuma wadda ta sauka daga kwana 16 zuwa 8 za ta gaya miki cewa rayuwarta ta sauya.

Idan an gwada biyu ko uku daga cikin waɗannan ba a dace ba, akwai mataki na gaba a hannun likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Tun 2010 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da allurar Botox ga masu ciwon da ya zama mai ɗorewa, ana yin ta a wurare da dama a kai da wuya duk bayan mako 12. A 2018 kuma aka fara amfani da alluran da aka ƙera musamman don toshe aikin sinadarin CGRP, waɗanda yawancinsu sau ɗaya ake yi a wata. Suna da tsada kuma ba ko'ina ake samun su ba, amma yana da kyau ki san cewa hanya ba ta ƙare a kan tsofaffin magunguna ba.

Kafin ki koma asibiti, ki samu ɗan littafi ki fara rubuta abu huɗu kowace rana: ko kin yi ciwon kai, tsananinsa, maganin da kika sha, da ranakun al'adarki. Ki rubuta har ranakun da ciwon bai yi tsanani ba, domin su ne mutane suka fi mantawa, alhali su ne ke nuna ainihin girman matsalar. Sannan ki gaya wa likitan idan kina minshari mai ƙarfi ko kina tashi a gajiye, idan ƙibarki ta ƙaru a 'yan shekarun nan, ko kina fama da damuwa da fargaba, domin kowanne daga cikinsu yana taimaka wa ciwon ya yawaita, kuma kowanne yana da magani.

Tambaya: Likita, na karanta cewa wasu abubuwan ci da sha suna tayar da ciwon, sai na yi ta barin su ɗaya bayan ɗaya, har abin da nake ci ya zama kaɗan. Na bar cakulan da cuku da lemo, amma ciwon bai ragu ba, sai ma rama da nake yi. Ina kuskuren yake? Daga wani ɗalibi mai shekara 23.

Amsa: Ɗan'uwa, kuskuren yana cikin neman mai laifi guda ɗaya. Da wuya abu ɗaya tak ya tayar da ciwon ɓarin kai. Taruwa abubuwan suke yi, kamar tulun da ake ɗiga wa ruwa daga wurare da yawa, ɗigon ƙarshe ake ɗora wa laifin ambaliya alhali tulun ya daɗe da cika. Ranar da ka yi barci isasshe kuma hankalinka kwance, za ka iya cin abin da kake zargi ka kwana lafiya, ranar da ka raba dare kana karatu kuma ka tsallake abincin safe, ƙaramin abu ya isa.

Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata ka sani. Ciwon yana farawa a cikin ƙwaƙwalwa sa'o'i da dama, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu, kafin a ji zafin kai. A wannan mataki na share fage mutum yakan yi ta hamma, wuyansa ya sage, ya riƙa yawan fitsari, ransa ya riƙa ɓaci ba dalili, ko kwaɗayin abu mai zaƙi ya kama shi. Sai ya ci cakulan, bayan sa'o'i ciwon ya bayyana, ya ce cakulan ce ta jawo, alhali ciwon ne ya aike shi neman ta. Haka batun yake ga wanda ya ce haske ko ƙamshin turare ne ya tayar masa. Mai yiwuwa ciwon ya riga ya fara, shi ya sa abin da yake jurewa jiya ya gagare shi yau.

Shawarata ita ce ka dawo da abincin da ka bari, ɗaya bayan ɗaya, ka bar kawai wanda ka gani a rubuce, sau da yawa, cewa ciwo yana biyo bayansa. Yunwar da kake sa kanka ta fi waɗannan abubuwa haɗari a gare ka. Abin da ƙwaƙwalwar mai wannan ciwo take so shi ne daidaito: lokacin kwanciya da na tashi su zama ɗaya har a ranakun hutu, domin barcin da ya wuce kima yana tayar da shi kamar yadda ƙarancinsa yake yi, abinci a kan lokaci, ruwa isasshe, kofi ko shayi kuma kaɗan kuma a daidai gwargwado kowace rana, saboda wanda ya saba da kafeyin ya bari kwatsam, ciwon kai ne zai fara gaishe shi. Motsa jiki irin tafiya da sauri ko tuƙa keke na wajen rabin sa'a, sau uku ko fiye a mako, yana rage yawan ciwon ga mutane da dama, in dai an fara a hankali. Wasu likitoci suna ba da bitamin B2, miligiram 400 a rana, ko maganiziyam, amma amfaninsu matsakaici ne kuma sai bayan wata uku ake ganinsa.

Tambaya: Ni kafin ciwon ya zo sai in riƙa ganin wani haske mai ƙyalli yana lanƙwasa a gefen idona na kamar minti ashirin. Ina shan ƙwayar tsarin iyali, kuma muna da niyyar neman haihuwa baɗi. Akwai abin da ya kamata in kiyaye? Daga wata uwar 'ya'ya biyu.

Amsa: Akwai, Hajiya, kuma ina roƙonki kada ki jinkirta. Hasken da kike gani alamar gargaɗi ce da ke zuwa wa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo, tana ɗaukar minti 5 zuwa 60, kuma tana faruwa ne sakamakon wani kaɗawar lantarki da ke ratsa sashen gani na ƙwaƙwalwa a hankali. Ita kanta ba ta lalata ido. Sai dai macen da ke ganin wannan alama tana da ɗan ƙarin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma ƙwayar tsarin iyali mai ɗauke da sinadarin istirojin tana ƙara wannan haɗari, shan taba kuma ya ƙara ninka shi. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin wannan ƙwaya cikin waɗanda bai kamata mai wannan alama ta sha ba. Ki ɗauki kwalin ki kai wa likita ko ma'aikaciyar jinya cikin kwanakin nan a duba wace iri ce. Idan mai istirojin ce za a sauya miki da wadda ba ta da shi, ko allurar da ba ta da shi, ko ashanar hannu, ko robar mahaifa.

Game da juna biyu, labari mai daɗi shi ne mata da yawa suna samun sauƙi bayan wata ukun farko, ko da yake sauƙin ya fi tabbata ga waɗanda ba sa ganin hasken. Abin da ya zama wajibi shi ne a duba duk magungunanki tun kafin ki ɗauki cikin. Balfurowet da tofiramet, magungunan farfaɗiya da ake bayarwa don riga-kafi, suna iya jawo nakasa ga jariri, kandesatan na hawan jini ma ba a shan sa da ciki, haka nan duk maganin ciwon kai da ke da sinadarin agotamin. Farasitamol shi ne na farko da ake ba mai ciki. Idan kuma ciwon kai mai tsanani ya zo miki a rabin ƙarshe na cikin, musamman da kumburin fuska ko dishi-dishin gani, kada ki ce ciwonki ne na kullum, ki je a duba ko jininki ya hau a ranar.

Tambaya: Matata ce ke da ciwon. Idan ya tashi sai ta rufe ɗaki ta kashe fitila, wani lokaci har kwana biyu, kuma 'yan'uwana sun fara cewa raki ne. Yaya zan taimaka mata, kuma yaushe ne ya kamata in kai ta asibiti da gaggawa? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya. Tashi ɗaya na wannan ciwo yana ɗaukar sa'a 4 zuwa 72 idan ba a yi magani ba, motsi kaɗan kamar hawa matakala yana ƙara shi, kuma bayan zafin ya tafi akan yi yini guda cikin kasala da nauyin tunani. Ɗaki mai duhu da shiru yana daga cikin maganinsa. Kai ne ya dace ka yi wa 'yan'uwanka wannan bayani, domin ita ba ta da ƙarfin kare kanta a lokacin, kuma ɓacin ran da zargin ke jawowa yana ƙara mata ciwo.

Taimakon da ya fi amfani shi ne ta sha maganinta da wuri, da zarar zafin ya fara kuma tun yana da sauƙi, a cikakken adadin da likita ya rubuta, domin idan ciwon ya kankama ciki yakan rage aiki, ƙwayar ta zauna ba ta narke ba. Shi ya sa ake haɗa wa wasu da maganin tashin zuciya irin metokulofuramid. Idan magungunan da aka saba ba sa yi mata, a tambayi likita game da sumatiriftan da danginsa, waɗanda aka yi su musamman don wannan ciwo tun farkon shekarun 1990, amma ba a ba mai ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba. Ka taya ta ƙirga ranakun shan magani kada su wuce biyu a mako a kai a kai, ka ɗauke mata hidimar yara a ranar, ka ajiye mata ruwa da tsumma mai sanyi kusa.

Ka kai ta asibiti nan take idan ciwon ya faɗo mata kwatsam ya kai ƙarshen tsananinsa cikin minti ɗaya. Idan ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Idan hannu ko ƙafa ko gefen fuska ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ta rikice, ko ta yi jijjiga. Idan ya biyo bayan buguwa a kai. Ko idan alamar gargaɗin ido ta wuce sa'a guda ba ta tafi ba. Haka kuma idan ya zarce kwana uku bai sauka ba, ko amai ya hana ta riƙe ko da ruwa. Ciwon kan da ya sauya kama daga yadda ta san shi, ko wanda tari da sunkuyo ke tayarwa, ko wanda yake ƙaruwa mako bayan mako, shi ma yana buƙatar likita ya gan ta cikin 'yan kwanaki, ko da an taɓa yi mata hoto a baya an ce lafiya lau.